Muryar Firizan Hajiya Adiza

Na san kuna yi mini dariya. Duk lokacin da aka sauke firji a ƙofar shagona, na zaro tsohon cokalin nan daga aljihun riga, na ɗora bakinsa a kan kwamfuresa, wato injin da ke bayan firjin, na manna mariƙinsa a ƙashin kunnena na lumshe ido, ina jiyo ku daga bencin mai shayi: "Baba Isa zai ɗanɗana miyar firji." Na kuma ji kuna cewa wai aikin nan koraa, ko kaɗan ba shi da wuya, kun gani a waya, minti bakwai an gama. A zuba gas, a canja tamostat, a wanke hannu. To, ku jawo bencin nan kusa. Zan ba ku labarin cokalin, amma sai kun fara jin yadda aka horar da kunnen da ake manna masa.

A Tafo na koyi aiki, wajen wani Batone, wato mutumin Asante, ana ce masa Masta Kwabena. Ranar da babana ya kai ni, da akwatin lemun kwalba da 'yar kujerar tsugunno kamar yadda aka saba, na ɗauka za a miƙo mini sifana. Tsintsiya aka miƙo mini. Wata huɗu ina shara. Da Masta ya ga sharar ta yi kyau, sai ya ɗaure mini ido da tsumman goge mai, ya zaunar da ni a tsakiyar firji goma sha biyu, duk a kunne, ya ce in nuna masa marar lafiya. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Isa, wannan firji, mene ya ce?"

"Masta, yana cewa zuuu."

"Duka firji ya ce zuuu! Uwarsa ma ya ce zuuu! Mene ya ce bayan zuuu?"

Sai da na shekara kafin in fara jin abin da ke bayan zuuu. Firji mai lafiya numfashi yake yi, irin na jaririn da ya ƙoshi. Wanda 'yar na'urar tayar da injinsa ta mutu, sai ya yi ƙas, ya yi shiru, ya sake yin ƙas, kamar saurayin da ya zo ƙofar gidan su budurwa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, kunya ta kama shi ya juya, ya sake dawowa. Wanda gas ke zurarewa daga jikinsa siririn tsaki yake yi, sai ka bi bututun da kumfar sabulu ka ga inda ta kumbura. Tsohon iyakwandishan na taga kuwa, idan fankarsa ta goce tana bugun ƙarfe, daka yake yi irin ta matar da aka ɓata wa rai da safe.

Kun ji yadda nake kwatanta su? To nan ne ciwona. Akwai wani direban motar goro da ke zuwa Kano, shi ke kawo mini ƙananan littattafan soyayya masu hoton fure a bango. A bayan shago nake karanta su, a kan wani mataccen firiza. Har ta kai duk injin da na saurara, labari nake ji a cikinsa. Wata rana na ce wa Masta wani firji kewar mai shi yake yi. Ya dube ni ya ce, "Na ce ka ji ciwo, ban ce ka ji aure ba."

Dokarsa ta biyu ita ce buhu. Duk abin da ka cire daga jikin inji, ko ƙusa mai tsatsa ce, ko mushen kyankyaso, sai ka shimfiɗa farin buhu ka jera su yadda ka ciro su, na farko a dama, na ƙarshe a hagu, kuma ba ka yar da komai sai mai kaya ya gani da idonsa. Ni a raina na ɗauki wannan fitinar tsufa ce kawai.

Ranar da aka sallame ni, aka zazzage mini hoda a ka har na koma kamar curin fura. Masta ya ba ni geji na auna gas, da filaya, da dogon sukudireba na sauraro, da buhu sabo fil.

Na buɗe shago a shekarar da mai hankali ba ya buɗe shagon firji. Shekarar ce da ruwan madatsa ya ja baya aka shiga rabon wuta. Abin da kuka zo kuka sa wa suna dumso, mu mun sha shi tun ba shi da suna, kuma a lokacin ba wanda ke da waya a aljihu. Wuta ta zo awa biyu, ta tafi kwana da wuni. An ce akwai jadawali, amma ita wutar ba a karanta mata ba. Idan kuma za ta dawo, da fushi take dawowa: ta fasa ƙwan fitila, ta ƙona rediyo, ta gasa injin keken ɗinki. Saboda haka kowa ya koyi zare komai daga bango da zarar ta ɗauke.

Wata Hajiya Adiza, mai sayar da ƙanƙara da sobolo, wato zoɓo, ita ta ba ni wuri a jikin katangarta, a nan lungun da muke zaune. Na kafa ɗan shagon katako. Ba a ja mini wuta ba tukuna, kuma ba wanda ya san ni. Kwana tara ina zaune a kan buhun Masta, wanda na ninke na yi matashi da shi, ina karatu ina kallon lungu.

A zauren Hajiya akwai wani firiza. A da, fari ne. Tsawonsa ya kai gadon mutum ɗaya, kuma an yi amfani da shi a Turai har ya gaji tun kafin a haife ni. Shi kaɗai ne ba a zarewa daga bango a duk lungun, don ko yaya wuta ta dawo ba ta iya yi masa komai. Idan zai tashi, sai ya yi ƙas. Sai ya yi dogon nishi. Sai ya girgiza, daga nan kuma ya barke da wata irin ƙara, kamar an tayar da turoturo, motar hayar nan, marar salansa a cikin rijiya. Kwanon rufin zauren ya karɓa, katanga ta karɓa, allon shagona ya karɓa. Ana jin sa har bakin titi.

Ga abin da idona ya gani a kwana taran nan. Saboda zafi, duk mutanen lungu a ƙarƙashin darbejiyar can ta ƙarshen layi suke wuni. Da firizan nan ya buɗe baki, sai kowa ya zabura ya watse a guje. Awudu tela ya yar da 'ya'yan dara. Mai aski ya bar takalmi ɗaya. Mata su kwashi tabarmi. Har Baba Sule, wani tsohon ɗan goro da kunnensa ya yi nauyin da sai an yi masa ihu a ciki, shi ma sai ya dafa sanda ya miƙe.

Yau na san ko akuya ta kalli wannan sau biyu za ta gane. Ni kuwa ga yadda na karanta: bayin Allah ƙara suke gudu. Firizan nan kuma na mayar da shi wata baiwar Allah da aka kulle a ɗaki shekara da shekaru, tana kuka, kowa na toshe kunne yana gudu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce mata me ke damunki. Ban tambayi kowa ba. A littattafan da nake karantawa, jarumi ba ya tambaya.

Ranar Litinin Hajiya ta leƙo shagona. Aikina na farko ke nan.

"Ɗana, ƙanƙarata ba ta kamawa. Robar murfin ce ta saki. Ka canja mini robar kawai. Zan je kasuwar Reskos in sayo citta da leda, kafin azahar na dawo."

Cikin rabin awa na gama da roba. Na tattara kayana zan fita, sai zuciya ta ce leƙa baya. Na ture firizan daga bango, na tsuguna. Robobi huɗun da kwamfuresa ke zama a kansu sun zama gari, ƙarfe ne zaune a kan ƙarfe. Farantin baya ya rasa ƙusa biyu yana lilo. A saman kwamfuresa akwai ɗan tiren kwano na tarar ruwa, cike da ƙura da saƙar gizo, a cikin ƙurar kuma ga wani cokali baƙi ƙirin. Na yanko tsohuwar taya na yi wa injin sababbin takalma. Na ɗaure farantin. Na share tiren. Buhu kuwa yana can a kan kujera. Cokalin na goge shi da toka, na ga ashe tagulla ce mai nauyi, ni kuma ba ni da cokalin shan koko, sai na jefa shi aljihu. Ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ban gaya wa Hajiya ba. A littafi, idan jarumi ya yi alheri a ɓoye, daga baya ake ganowa a kira shi a ba shi 'yar gidan. Hajiya ba ta da 'ya mace, maza uku gare ta, duk direbobin tirela, amma wannan bai hana ni shafa mai a gashi washegari ba.

Ranar Talata wuta ta zo tun hantsi, ba ta ɗauke ba sai la'asar. Duk watan ba ta taɓa daɗewa haka ba. Kuma ba wanda ya sani. Lungu gaba ɗaya yana ƙarƙashin darbejiya ana fifita da kwali, ana tsine wa zafi. Da la'asar Hajiya ta ɗaga murfin firiza don ta zubar da ruwan da ya narke, sai ta tarar da ƙanƙara kamar dutse. Ta kara kunne, ta ji wani ɗan numfashi mai daɗi, irin na jaririn da ya ƙoshi. Tana cikin saurare ya ɗauke.

Ina zaune na ga ta fito ba mayafi, rungume da curin ƙanƙara, ta nufi darbejiya. Ta dire shi a tsakiyar dara. Sai na ji Awudu ya yi salati da ƙarfi. Ashe ankon mata arba'in ne a hannunsa, na bikin ranar Lahadi. Mai aski kuwa yana da mutum uku da wuta ta yanke musu aski a tsakiya tun ranar Asabar, suna yawo da hula har cikin ɗaki.

Da na ga taron ya nufo shagona, na miƙe na gyara wuyan riga. Na ɗauka godiya ce.

Awudu ne a gaba. "Kai ne sabon mai firjin?"

"Ni ne, yaya. Ba sai kun gode ba, don Allah na yi."

"Wa ya ce ka taɓa Mai Shela?"

"Wane ne Mai Shela?"

Aka yi ta kallon juna. Mai aski ya cire hular ɗaya daga cikin mutanensa, ya nuna mini kai rabi fes rabi daji. "Ka ga wannan? Aikinka ne."

Hajiya ta ratso ta tsakiya, hannunta na ɗigar ruwa. "Isa. Roba na ce, ko ban ce roba ba?"

"Kin ce roba, Hajiya. Amma na ji yana kuka ne."

"Kuka? Aikinsa yake yi! Shi ke gaya wa lungun nan wuta ta zo. Kai da ka ga mutane na gudu, ina ka ɗauka za su?"

Na ce, to a rataya ƙwan fitila a darbejiya mana. Awudu ya ce sun rataya bakwai, bakwai ɗin sun fashe, na ƙarshe a kan rawanin liman ya zube. Na ce rediyo fa? Aka nuna mini Baba Sule, aka ce tasa aka gwada, har yau bai yafe ba, shi ya sa ma ba a faɗa da ƙarfi.

Hajiya ta ce, "Ka saurare ni da kunnen nan naka da ake yabo. Ka mayar masa da muryarsa kafin sallar Juma'a. In ba haka ba, ka kwashe katakonka daga jikin katangata. Kuma daga nan har Tafo ba mai sake ba ka ko fanka."

Aka kuma sa alƙali. Baba Sule zai zauna a gurbinsa a ƙarƙashin darbejiya. Idan firiza ya tashi ya miƙe, na ci. Idan bai miƙe ba, ban yi komai ba.

Ku da kuke cewa minti bakwai, ku ji nan. Gyara abu yana da hanya, an koya mana. Amma a ce ka mayar wa inji ciwonsa, ainihin ciwon, ba wani ba, wannan ba Mastan da ke koyarwa. Ga shi kuma ba ka da damar gwaji sai wuta ta ga dama.

Ranar Laraba na cire takalman taya, na kwance ƙusa biyun, na zauna a bayan firiza tun safe ina jira. Wajen azahar ta zo na minti ashirin. Firiza ya yi ƙas, ya yi nishi, ya kama gurnani a ciki-ciki. Na leƙa waje. Baba Sule na gyangyaɗi. Awudu ya zo ya saurara, ya taɓe baki. "Wannan ai minsharin amarya ne. Mai Shela ba ya jin kunya."

Ranar Alhamis da safe na zuba ƙusoshi a gwangwanin madara, na ɗaure shi da waya a jikin bututu. Wuta ta zo. Gwangwani ya kama caccaka, cak-cak-cak-cak. Mutum ko ɗaya bai motsa ba. Amma haka matan lungun nan ke kaɗa kwanon dusa idan za su kira dabbobinsu. Kafin in miƙe, awakin unguwarmu Zongo sun cika zauren Hajiya. Na ƙirga goma sha ɗaya, ban da wani bunsuru da ba wanda ya san mai shi. Suka cinye cittar da ta sayo a Reskos, suka fara da leda. Sai ga Hajiya. Ɗaga yatsa ɗaya ta yi, wato saura kwana ɗaya.

Na hau turoturo na tafi Tafo, na durƙusa a gaban Masta Kwabena na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da na kai kan awaki sai ya nemi ruwa. Sannan ya sa takalmi ya biyo ni.

Da muka shiga zauren, bai ko kalli firizan ba. Hannu ya miƙo mini. "Ina buhu?"

Na sunkuyar da kai.

"Ina buhu, Isa?"

"Masta, a kansa nake zama."

Ya ce wani abu da Tonanci, harshensu, wanda ba zan fassara muku ba. Sannan ya ce in lissafa abin da na cire. Na ce garin roba. Na ce ƙura. Ya ce saura. Na ce babu saura, kuma wallahi har zuciyata na yarda babu, don ni ban taɓa sa cokali a lissafin kayan inji ba.

Sai ya sa aka kira mutanen lungu, ya ce kowa ya kwaikwayi kukan Mai Shela. Ku yi tunanin dattawa masu gemu, a jere a zauren Hajiya, kowa na kumbura kumatu. Mai aski ya yi "gurrrr". Wata tsohuwa ta ce ƙarya ne, ta yi nata har haƙorin Makkanta ya kusa faɗowa. Awudu ya rufe ido, ya riƙe ƙugu, ya yi "garrrr-kang-kang-kang-kang".

Masta ya ɗaga hannu. "Tsaya. Akwai kang?"

Duk suka ce akwai kang. Kang ɗin ma shi ne ke isa darbejiya.

"Kwamfuresa ba ya da kang. Wani ƙarfe ne ya yi rawa a kan wani ƙarfe."

Ya tsuguna ya zaro tiren kwanon nan ya ɗaga shi a haske. A tsakiyarsa akwai wani gurbi da ya goge yana ƙyalli, dogo kamar tafin hannu, da ɗan faɗi a kai ɗaya. Ya nuna mini. Na duba da kyau, na ce ya yi kama da hawayen da ya gangaro ya bushe. Masta ya dubi sama.

Ana cikin haka Hajiya ta kawo wa baƙo shayi a kofin tasa, ta miƙo mini nawa ba tare da ta kalle ni ba. Sukari ya kwanta a ƙasa. Na sa hannu a aljihu na zaro cokalina, na fara juyawa.

Kang. Kang. Kang.

Awudu ya zabura ya yi waje a guje. Ya kai ƙofar shagonsa kafin ƙafafunsa su gane ba wuta. Da ya dawo yana haki, ya tarar da kowa ni yake kallo, ni kuma ina kallon hannuna.

Hajiya ta ce, a hankali, "Ba ni."

Ta goge shi da bakin zane. Ta juya mariƙin, inda ya ɗan lanƙwashe. Ta zauna a kan bokiti.

"Na Alhaji ne," in ji ta. Marigayi mijinta take nufi. "A kan injin nan yake ɗora kofin shayinsa don kada ya huce, idan yana tsaron ƙanƙara. Satin da ya kwanta ciwo cokalin ya ɓata. Ba inda ban daga ba a gidan nan. Har rijiya na sa aka shiga."

Tsohuwar nan ta ce ai kuwa daga rasuwarsa firizan ya canja murya, har mutane suka riƙa cewa makoki yake yi.

Awudu ya ce a hankali ko za a gwada wani cokalin. Masta ya girgiza kai, ya ce na yanzu ba su da nauyi, girgiza ɗaya za su yi tsalle su faɗi, wannan kuwa shi ya haƙa gurbinsa da kansa. Cokalin yana hannun mai shi bayan shekaru, wa zai buɗe baki ya ce ta mayar da shi cikin ƙura? Awudu yana ta murza tef ɗin awo a wuyansa. Masu hula uku suna tsaye a bakin ƙofa. Ni kuma ina lissafin yadda zan ɗauki katakon shagona a ka har tasha.

Hajiya ta daɗe tana kallon cokalin. Sannan ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Alhaji da ransa ma bai taɓa barin lungun nan ya yi barcin rana ba." Ta miƙo mini. "Mayar da shi inda ka same shi. Da hannu biyu."

Na kwantar da shi a gurbinsa. Ya zauna daram, kamar ƙafa a tsohon takalmi.

Ranar Juma'a kowa ya hallara a darbejiya tun safe. Ba dara, ba hira. Baba Sule yana gurbinsa, ya jingina haɓa a kan sanda, ya rufe ido. Hantsi ya yi, ya wuce. Rana ta fara hawa tsaka. Mutane suka fara duban inuwa, suna dubana. Wani ma ya tambaye ni ko zan sayar da katakon.

Sai muka ji ƙas, daga can nesa.

Sai dogon nishi.

Sai duniya ta tsage. Garrrr-kang-kang-kang-kang! Kwanon rufi ya karɓa, katanga ta karɓa, tantabaru suka tashi. Ba wanda ya motsa, duk ido na kan tsoho. Baba Sule ya buɗe ido ɗaya. Ya buɗe na biyu. Ya dafa sanda, ya miƙe tsaye, ya ɗaga ta sama ya ce, "Wuta!"

Kafin in juya ba kowa a wurin sai ni da takalmin mai aski. Na tsaya ina kallon bayansu, sai a lokacin na lura kowa wajen zauren yake nufa, inda ƙarar ta fi ƙarfi, don a nan shagunansu suke. Kwana tara ina kallon wannan gudun ban taɓa duba inda ya dosa ba.

Masu hula uku sun je masallaci da kai fes. Awudu ya gama anko ranar Lahadi da safe, ko da yake mata biyu sun je biki da hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Masta kuwa, kafin ya tafi, ya shiga shagona ya zare buhun daga kan kujera, ya kaɗa mini shi a ka sau uku, ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya hau turoturo.

Labarin ya bazu, amma a karkace. Aka riƙa cewa akwai wani yaro a Zongo mai sa wa inji murya. Wani attajiri a unguwar Sofolayin ya aiko mota aka ɗauke ni. Ya sayi sabon iyakwandishan mai tsada, irin wanda ba ya ko tari, wata uku maƙwabta ba su san yana da shi ba. Ya ce, "Masta Isa, ba na son ya yi yawa. Daidai yadda surukina zai ji daga ƙofar gida." Na sassauta masa ƙusa ɗaya a murfin waje. Har ya rasu yana aiko mini da naman layya. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini kaya, kafin in taɓa nakan tambaye shi: a cikin ƙarar nan, wacce kake so in cire, wacce kake so in bari? Za ku yi mamakin yawan masu cewa a bar musu wata.

Mai Shela ya yi shekaru bayan haka yana aikinsa. Wata safiya Hajiya ta aiko in zo. Ta tsufa sosai a lokacin. Na ɗora dogon sukudireba a kan kwamfuresa na saurara. Ƙas. Shiru. Ƙas. Shiru. Saurayin ya zo ƙofa, amma wannan karon ba kowa a gidan. Na shimfiɗa buhu, na ciro abu ɗaya tak na ɗora a kai, na ce mata, "Hajiya, sai haƙuri." Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da keke mai ƙafa uku suka ɗauke shi. Awudu ya rufe shago ya raka su har bakin titi.

Hajiya ta ɗauki cokalin daga kan buhu, ta auna shi a tafin hannu, ta miƙo mini.

"Karɓi. A da sace shi ka yi. Yanzu na ba ka, ya halatta."

Na gwada shi a ranar, na tarar ya fi sukudireba kawo sauti. Ban sani ba ko tagullar ce, ko kuwa daɗewar da ya yi kwance a kan inji.

To ga shi nan. Wanda ya ce minti bakwai, taso ka karɓa. Ga firjin matar mai waken can da aka kawo ɗazu, na riga na kunna shi. Ɗora bakin a kan kwamfuresa, manna mariƙin a nan, bayan kunne, rufe ido. Na san zai ce maka zuuu. Ka tsaya har ka ji abin da ya ce bayan zuuu. In ka gama ka wanke mini shi, kokona na hucewa.